Wa Ka Zo Ɗauka?

A tashar tasi ta bakin titin Misterios, inda ake hango rufin Basilika, babban cocin garin, idan hayaƙin gari ya yi sauƙi, ba mai kiran Don Abundio Cerón da sunansa na gaskiya. Fada ake ce masa, kamar limamin coci. Ba tsoron Allah ne ya yi masa yawa ba, shi dai ba ya iya ɗaukar fasinja bai yi masa wa'azi ba. Shekara talatin da takwas ke nan yana tuƙi a unguwarmu ta La Villa. Ya fara da koriyar motar nan ƙirar kunkuru, hukuma ta farka wata safiya ta ce duk tasi ta koma ja da ruwan zinariya, ya kai wa mai fenti. Ta sake farkawa ta ce fari da ruwan hoda, ya sake kaiwa yana tsine wa wanda ya kawo shawarar, domin a ganinsa dattijo mai gashin baki bai dace da mota mai launin alewa ba.

Wa'azin kuwa ɗaya ne tun farko. Idan ka miƙa hannu za ka buɗe ƙofa sai ka ji ta a kulle, shi kuma yana kallonka ta taga kamar ka zo neman auren 'yarsa. Sai ka zaga baya ka karanta lambar motar, ka dawo ka gwada ta da wadda aka rubuta a jikin ƙofa. Sai ka dubi katin hukuma da ke manne a gilashi, mai hoton direba, sannan ka dubi direban. A nan ake samun matsala, domin an ɗauki hoton tun Don Abundio yana da suma. Ya sha cire hula domin a gwada da kyau, fasinja ya dubi hoto, ya dubi sanƙo, ya ce a'a, ba kai ba ne, ya wuce motar baya. Maimakon ya ji haushi sai ya leƙo ta taga yana yaba wa mutumin, wai ga irin fasinjan da ƙasa take buƙata.

Abin yana da asali, kuma ba na dariya ba ne. A zamanin korayen motoci matarsa, Doña Cuca, ta tsayar da wata tasi a titi tana dawowa daga gidan yayarta. Ashe kabu-kabu ce, an yi mata fenti an liƙa lambar bogi. A fitilar farko mutum biyu suka faɗo ciki, suka raba ta da 'yan kunne da jaka da takalmi, suka sauke ta can bayan gari. Ta iso gida da ƙafa, ba ko ƙwarzane a jikinta, amma wata biyu cur idan mijinta ya tsayar da motarsa a ƙofar gida sai ta saki labule. Wannan ne ya ci masa rai: motar da yake ciyar da iyali da ita da motar ɓarayi ba su da bambanci ko a idon matarsa. Tun daga nan ya ɗaura aniyar duk wanda zai shiga motarsa sai ya san motar wa ya shiga. Bai tara komai a sana'ar nan ba, har yau gidan haya yake, amma a La Villa idan aka ce wace mota za a sa tsoho ko mai ciki a koma gida hankali kwance, sunansa ake faɗa. Ya san haka, kuma yana ji da abin fiye da kima.

Da aka fara kiran mota ta waya, direbobin tasharmu sun yi zanga-zanga, sun yi zagi, daga baya kowa ya lallaɓa ya sa manhajar a wayarsa. Don Abundio ya yi sati yana kumbure-kumbure, sai ya gano sabon fagen wa'azi aka buɗe masa. Ya lura masu kiran mota suna da wata wauta: mota ta tsaya, su leƙa su ce wa direba, kai ne ka zo ɗaukar wane ko? Wane ɓarawo ne zai ce a'a? Saboda haka ya ƙara doka ya ɗora ta sama da duka: kada ka taɓa faɗin sunanka, ka tambayi direba wa ya zo ɗauka, shi ya faɗa da bakinsa. Wanda ya karya wannan doka, kafin a kai shi inda za shi sai ya ji tarihin 'yan kunnen Doña Cuca daga farko har ƙarshe. Abin da fasinjoji suke rubutawa a kansa a manhajar kusan iri ɗaya ne, cewa mutumin kirki ne amma a shiga da abin toshe kunne.

To, bara waccan, ran sha biyu ga Disamba, ranar Uwarmu ta Guadalupe, wato Budurwa Maryamu, gari ya cika kamar kowace shekara. Masu ziyara sun kwararo daga ƙauyuka, wasu kwana huɗu suka yi suna tafiya a ƙasa da hoton Budurwa Maryamu goye a baya, ga 'yan keke jeri-jeri, ga masu rawa da akayau a ƙafa. An rufe titunan da ke kusa da cocin, wata kusurwa guda aka bar wa motoci su ɗauki mutane. Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe wayarsa ta yi ƙara. Sunan fasinja Guadalupe, za a kai tashar bas ta Arewa. A gurbin hoton fasinja hoton Uwarmu ne, wanda ba abin mamaki ba ne, rabin garin nan shi suke sawa.

Ya kutsa da ƙyar ya tsaya a kusurwar. Kafin ya gama jan birki wata 'yar tsohuwa ta matso, lulluɓe da baƙin mayafi, kitso biyu fari fat har ƙugu, riƙe da ledar cefane. Ba ta taɓa ƙofa ba. Ta sunkuyo daidai taga.

"Ɗan saurayi, wa ka zo ɗauka?"

Shekarunsa sittin da uku, amma ba kiransa saurayi ne ya narkar da shi ba. Shekara nawa yana shuka maganar nan a kunnuwan 'yan boko masu waya bibbiyu ba ta tsiro ba, sai ga ta yau a bakin tsohuwar ƙauye. Ya ce, "Guadalupe, Inna."

"Ni ce."

Ba tare da an ce mata ba ta zaga bayan mota ta ƙura wa lambar ido tsawon lokaci, ta dawo ta dubi katin gilashi, ta dubi fuskarsa. Ya cire hula da kansa. Ta ce lallai zamani ya taɓa shi, amma kunnuwan su ne. Ya fito ya buɗe mata ƙofa da hannu biyu kamar matar gwamna. Mutumin da yake titsiye lauyoyi a bakin titi bai tambayi tsohuwar nan ina wayar da ta kira shi da ita ba, bai tambaye ta ina za ta ba. Daɗi ne kawai ya rufe masa ido.

Sun ɗan taɓa tafiya sai ta zaro wani ɗan katin addu'a daga ƙirjinta ta miƙo masa. A bayansa an rubuta adireshi da biro, can saman Cuautepec, inda gidaje suke hawa dutse. Ya ce ai waya ta ce tashar Arewa. Ta ce waya ba ta san abin da ke ranta ba, ta sake shawara. Fasinja yana da ikon sake shawara, saboda haka ya karya kan mota ya nufi dutse, yana tambayar wa ya yi mata wannan kyakkyawar tarbiyya. Ta ce 'yarta Eufrosina ce, tun daga garinsu a tsaunukan Puebla har suka iso take maimaita mata a cikin bas. Ya ce Allah ya yi wa wannan 'ya albarka. Tsohuwa ta ce amin, ta buɗe leda ta fara cin wainar masara mai zaƙi irin ta ƙofar coci.

Sun wuce unguwar Ticomán aka kira shi a waya. Murya ce ta namiji, kakkaura, irin ta masu tallar tukunyar gas.

"Maigida, ina ka kai ni ne? Wayata ta ce ina cikin motarka har mun wuce Ticomán. Ni kuwa ga ni tsaye a rana da akwati biyu da surukata."

"Wa ke magana?"

"Guadalupe. José Guadalupe. Wanda ka zo ɗauka."

Sauran abin da mutumin ya faɗa bai dace da ranar ibada ba. Don Abundio ya gangara gefen titi ya kashe mota. Sai a lokacin abin da kowa a La Villa ya sani ya faɗo masa: ran sha biyu ga Disamba, a ƙofar Basilika, idan ka jefa ɓawon lemo sama a kan wata Guadalupe zai sauka, in ya kuskure ta ya sami wani Guadalupe mai gemu. Duk uwar da ta sha wuyar naƙuda a ƙasar nan ta yi wa Uwarmu alkawarin suna, kuma ranar suke taruwa godiya. Ya juya a hankali ya dubi kujerar baya.

Tsohuwar ba ta ko daina tauna ba. Ta ce ita ba ta yi masa ƙarya ba, sunanta ke nan tun ranar da aka yi mata baftisma shekara tamanin da ɗaya da suka wuce. Eufrosina ta zaunar da ita a inuwa ta shiga layin kai hotuna a sa musu albarka, ita kuwa ta taso ta zo inda motoci suke tsayawa ta fara tambaya yadda aka koya mata.

"Na farko ya ce Brayan ya zo ɗauka, na ce Allah ya haɗa ku. Na biyu ya ce Yesenia. Kai ne na uku. Ko minti goma ban yi a tsaye ba."

"Lambar mota fa, Inna? Na ga kin tsaya kin karanta."

"Ni ina na iya karatu? An ce a duba, na duba. Tana nan."

Ya ce yanzun nan zai mayar da ita inda ya ɗauko ta. Ta naɗe bakin ledarta ta ce to, amma ya fara jin inda za ta. Adireshin nan na autanta ne, Crisóforo. Shekara tara da suka wuce ya sayar da gonar kofi ta ubansu ba da sanin kowa ba ya taho birni. Ya yi laifi, ita ma ta zage shi a lokacin. Eufrosina ta rantse a kan kabarin uban ba za a sake ambaton sunansa a gidan ba, kuma ita ba ta rantsuwa ta janye. A hannunta tsohuwar take, ita ke ba ta magani, ita ke wanke mata kai, ita ke kawo ta ziyara. Ba muguwa ba ce, zuciya ce da ita irin ta ubanta. Shekara tara ke nan tsohuwar tana zuwa garin da ɗanta yake, ta durƙusa ta roƙi Uwarmu ta tsare shi, a mayar da ita bas. Bana wata maƙwabciya ta kawo mata katin a ɓoye, ta ce har 'ya ya haifa.

"Sunanta wa?" ya tambaya, ko da yake ya sani.

"Guadalupe mana. Ɗan saurayi, gwiwoyin nan ba za su sake hawa bas sau da yawa ba."

Bai kai ga ba ta amsa ba sai ga kiran Don Melitón, ɗan kamashon tasharsu, wanda ya riƙe masa 'ya ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna compadre. Da dariya ya fara, wai ashe Fada ma yana da budurwa a ɓoye, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ya ce hoton motarsa yana yawo a zauren waya na unguwa, lamba ta fito raɗau, an rubuta a ƙasa ɗan kabu-kabu ya sace tsohuwa a ƙofar coci. Wani ɗan garin tsohuwar ne ya hango tana shiga ya ɗauki hoton lambar, abin da Don Abundio da kansa yake horon mutane su riƙa yi. An bi lamba an gano motar ta tashar ce, ga Eufrosina nan a tashar da mutanen garinsu sun fi arba'in da 'yan sanda biyu, wasu mazan har sun fara tambayar ina gidan direban yake.

"Compadre, ko me kake yi ka bari, ka kawo matar nan yanzu."

Tsoro ya kama shi sosai, domin ya san abin da taro yake yi wa wanda aka kira ɓarawon mutane kafin a tsaya jin ba'asi. Fiye da tsoron ma akwai baƙin ciki: shi, Abundio Cerón, yau shi ne ɗan kabu-kabu a wayar maƙwabtansa. Komawa tasha a cunkoson ranar rabin awa ne, gidan da ke kan katin kuwa minti goma ne a gaba. Ya dubi tsohuwar ta madubi, ya ga ta haɗa hannuwa a cinya tana kallon dutsen, ba ta roƙe shi ba. Ya ce wa Don Melitón kuskure aka yi, tsohuwa tana lafiya, ga ma muryarta. Ta ɗaga murya ta ce Eufrosina ta kula da ledar maganinta. Ya ce hanya a cushe take, a ba shi lokaci. Ya ta da mota ya ci gaba da hawa dutse yana zagin kansa a fili.

Minti goma ya ba ta, ya nuna mata a agogo, wanda shi ma ba ta iya karantawa ba. Crisóforo mai faci ne, suka same shi a ƙofar shago rungume da taya, ƙato mai furfura a gemu. Ya ga wadda ta fito daga tasi, taya ta suɓuce ta gangara titi, ba wanda ya bi ta. Uwar ta ce ya sunkuyo. Ya sunkuyo, ta ɗauke shi da mari mai kyau, na gonar kofi, sannan ta riƙe kansa a ƙirjinta, ƙaton nan yana kuka kamar an yaye shi. Don Abundio ya kau da kai ya duba wayarsa, abin da bai kamata ya yi ba. Labari ya girma, tsofaffin da ya sace sun zama uku, wata ma ta rubuta cewa dama can idonsa bai kwanta mata ba, matar da ya kai asibiti haihuwa sau biyu. Minti goma ya zama ashirin da biyar. Ya danna hon, aka aiko masa da tamal biyu a faranti, irin alalen masaran nan da ake naɗewa a ganye. Ya sake dannawa, aka ƙaro kunu.

A hanyar dawowa sai da suka shiga cunkoso ta tambaye shi me zai gaya musu. Ya ce gaskiya mana, me kuma? Gaskiya ce kaɗai za ta wanke shi: tsohuwa ta yi masa wayo, ga kati, ga adireshi, ga ɗanta a kira shi ya yi shaida. Kowa zai ce Fada ya haɗu da wadda ta fi shi, shi ke nan, gobe ya koma wa'azinsa. Ta ce haka ne, ba ta hana shi ba. Sai dai ran da Eufrosina ta ji sunan Crisóforo ziyara ta ƙare, kuma a gida ɗaya za su ci gaba da zama, ita da 'yar da take ganin an ci amanarta. Idan kuwa tsohuwa ce ta rikice, direba kuma bai kula ba ya kwashe ta zuwa tashar Arewa, to ba wanda ya ci amanar wani.

"Ban kula ba," ya ce. "Ni."

"Ai ba ka kula ɗin ba, ɗan saurayi. Abin da za ka ƙara kaɗan ne."

Suka iso wajen ƙarfe ɗaya, taro ya rufe motar. Eufrosina, doguwa mai faɗin kafaɗa, idanu sun kumbura da kuka, ta fizgo uwarta tana shafa ta daga kai har ƙafa. Ganin haka Don Abundio ya ji kunya ta gaske, domin matar nan awa biyu ta yi tana hango gawar uwarta. Ɗan sanda ya tambayi tsohuwa abin da ya faru. Nan take ta ƙara shekara goma: baki ya fara rawa, ido ya kawo ruwa, ta ce ita dai ta ji an ce Guadalupe, ta ɗauka motar da Eufrosina ta kira ce, sai ta ga ana ta yawo da ita. Ɗan saurayin bai taɓa ta ba, yana ma da ladabi, surutu ne dai.

Ido ya dawo kansa. A bayan 'yan sanda direbobin tasha ne a jere, ba wanda bai taɓa shan wa'azin Fada ba a cikinsu. Katin addu'ar yana aljihun rigarsa, tsohuwar ba ta karɓa ba. Hannu kawai zai sa. Sai ya cire hula.

"Laifina ne, yallaɓai. Ban tambaye ta ina za ta ba, ban nemi ganin wayarta ba. Sai da muka je tashar Arewa na gane ba ita ba ce. Da na juyo kuma na ɓata hanya."

Wani daga baya ya ce, a La Villa? Tasha ta ɗauki dariya gaba ɗaya, har mutanen ƙauyen da suka zo da niyyar duka suka saki jiki, tunda wawa suka tarar ba ɓarawo ba. Eufrosina ba ta yi dariya ba. Ta tsaya gabansa ta karanta masa yadda ake aikin tasi: direba ya tambayi fasinja inda za shi, ya gwada da abin da waya ta ce, kada ya kwashi duk wanda ya amsa suna kamar kaji. Ta ce idan shekaru sun yi masa yawa ya ajiye makulli, ko ya nemi wani tsohon hannu a tashar nan ya koya masa. Direbobi suka riƙe ciki. Shi kuwa yana tsaye, hula a hannu, rana tana dukan sanƙo, duk inda ta tsaya numfashi ya ce haka ne, 'yata. Don Melitón ya leƙa motar ya ga ganyen tamal a ƙasan kujera, ya dubi abokinsa, ya ɗauke ganyen ya cusa a aljihu.

'Yan sanda suka ja masa kunne suka tafi, aka goge hoton daga zaure. Amma kafin sati ya zagayo an daina ce masa Fada, ya koma Ɓarawon Kaka. Idan ya buɗe baki zai ce wa fasinja ya zaga ya duba lamba, sai wani daga layi ya ɗaga murya ya ce a fara tambayarsa ko ya san hanyar tashar Arewa. Duk wannan ya shanye, har yakan taya su dariya idan tsokanar ta yi daɗi.

Wanda bai shanyu ba ya zo ne bayan sati biyu. Doña Otilia mai shagon kyandir, wadda shekara bakwai Don Abundio yake kai mahaifinta makaho asibiti duk Alhamis ya dawo da shi har kan kujerarsa, ta zo tasha da kanta. Ta ja shi gefe tana murza bakin rigarta, ta ce kada ya ji haushi, ta san shi mutumin kirki ne, amma babanta ba ya gani, idan aka sauke shi inda ba nan ba ba zai sani ba. 'Yan'uwanta sun ce a sake direba. Gaskiyar tana kan harshensa. Sai dai shagon Doña Otilia a ƙofar Basilika yake, inda mutanen tsaunukan Puebla suke sayen kyandir duk Disamba, ita kuma bakinta ba ya ajiya. Ya haɗiye.

"Kin yi daidai, Doña. Da babana ne ni ma haka zan yi."

Ta ji daɗi da bai ɗauka da zafi ba, har ta sami ƙarfin roƙonsa alfarma ɗaya: tunda shi ya san su duka, wa yake ganin za ta ba, wanda yake kula sosai? Don Abundio ya juya ya bi layin da kallo, mota bayan mota, wannan yana tuƙi yana kallon ƙwallo a waya, wancan birkinsa sai da addu'a. Ya daɗe yana dubawa. Daga ƙarshe ya zaɓi mai dama-dama a cikinsu, ya rubuta mata lambarsa da hannunsa, ya ƙara a ƙasa cewa tsohon yana son a riƙe shi ta hannun hagu, kuma a gaya masa kafin a kai matakala.